Fatar da Ba Ta da Mai Ita

Lahadi, da hantsi

Shayi ya ƙone. Ban san shayi yana ƙonewa ba sai yau. Rabin rayuwata ina ɗaure wa mutane littattafai, ina karance su kafin masu su su zo karɓa, har na san yadda ake kiwon zuma da yadda ake yi wa doki maganin tari, amma babu marubucin da ya ga ya dace ya gargaɗe ni a kan wannan.

Hukuma ta tafi ƙetaren kogi jiya da sassafe, duba mahaifiyarta, Inna. In wani ya tsinci littafin nan bayan raina, matata nake nufi. Ita ke yanke hukunci a gidan nan, in zan ɗaukaka ƙara ma gabanta nake komawa.

Rikicin da ya faru jiya da rana a Taga, ɗakin cinikin fata na bakin gada, ba zan rubuta shi ba. Ban gani da idona ba, waɗanda suka gani kuma kowa da irin nasa. An dai jera ganguna a bakin gada, da 'yan sanda zaune a kansu. Wani mai amalanke na ƙetare yana kwance a asibiti.

Saboda gadar ne ba ta dawo ba.

Litinin, bayan azahar

Baduku, maƙwabcin shagona, ya shigo da takalmi a hannun hagu, na dama kuwa naɗe da bandeji. Ban tambaye shi bandejin ba, shi ma bai tambaye ni matata ba. Zaman maƙwabtaka ke nan.

Ya dangwarar da takalmin a kan teburina. Fatar ta tsage daga baki har dunduniya, kamar busasshen ganye.

"Ka gani, Malam? Mai shi sau ɗaya ya sa, ya je ɗaurin aure ya dawo da ƙafa a waje. Wannan aikin mutanen ƙetare ne. Da gangan suke yi."

Na ce, "Wanne daga cikinsu?"

Ya ce, "Duk ɗaya ne."

Bayan ya fita na zauna ina juya maganar. Bara warhaka da ba zai ce haka ba. Da cewa zai yi fatar gurgun nan ce, ko ta mai haƙorin azurfa, ya saɓa ta a kafaɗa ya haye gada ya je ya zazzage masa, a ba shi ruwa ya sha, ya ci gaba da zazzagawa.

Haka muke a da. Majema suna ƙetare don warin aikinsu, mu masu ɗinka fata muna nan don mu yi kamar ba mu san daga ina take fitowa ba. Ranar kasuwa su hayo da kaya. Nawa majemin ƙanin Hukuma ne, wanda nake kira Ɗan Wari tun yana ɗan saurayi. Zai shigo ya shimfiɗa fata a teburin nan, in shinshina, in ja ta, in ɗaga ta a haske, in ce wannan akuyar da baƙin ciki ta mutu. Ya ce, "Yaya, akuyar nan ta fi ka jin daɗin duniya, ita ba ta auri yayata ba." In taya, ya ce albarka. Ya naɗe kayansa ya kai bakin ƙofa, in kira shi. Mu ɓata safiya guda a kan abin da mun san ƙarshensa tun farko.

Sai hukumar kasuwa ta ce wannan ɓata lokaci ne, kuma manyan dillalai suna danne ƙananan majema. Na biyun gaskiya ne. Aka gina ɗaki a bakin gada, taga ɗaya na kallon kogi, ɗaya na kallonmu. Majema su miƙa fata da safe a biya su nan take, mu je da rana mu karɓa a farashi ɗaya. Ba tayi, ba albarka, ba gardama.

Ni na fi kowa tafi ranar da aka buɗe. Har jawabi na yi, na kawo misali daga wani littafin tattalin arziki da mai shi bai taɓa zuwa karɓa ba. Yanzu na gane dalilinsa.

Talata, da safe

Ganguna suna nan. Ban san inda ake ajiye gishiri ba.

Laraba, da yamma

Na kira ta. Ta ɗauka da "Ina wuni, Malam," irin gaisuwar da take yi wa mai karɓar kuɗin wuta.

Na tambayi jikin Inna. Ta ce da sauƙi, har tana zaune a tsakar gida tana ba kaji umarni. Na ce madalla. Ta ce madalla. Ina jin wani yana dukan fata a bayanta.

Na ce, "Ina gishiri yake?"

Ta ce, "Inda yake tun da aka kawo ni gidan."

Na ce an ce gadar ba ta ƙetaruwa. Ta ce masu nono suna wucewa kullum, 'yan sandan ma saye suke. Na ce to. Ta ce to.

Akwai wani littafin dabarun yaƙi da na yi wa bango shekarun baya. Ya ce janar mai hankali ba ya kai hari daga gangare zuwa tudu. Na ce ta gaida Inna, na kashe waya.

Gishirin yana bayan gwangwanin sukari. Wannan ya bayyana abin da ya sami shayin jiya.

Juma'a, bayan la'asar

Taron ƙungiya a shagon masu jaka. Shugabanmu, wanda Allah ya hore wa murya ya rage masa sauran, ya ce daga yau ba mai sake taɓa fatar ƙetare. Za a riƙa kawo ta roba daga kamfani. Ya ɗaga samfuri sama, tana ƙyalli kamar goshin mai suya. Aka yi tafi.

Wani ya ce suna jiƙa fata da ruwan gishiri don ta yi nauyi. Wani ya ce ba da nauyi ake saye ba ai, sai aka ce ya zauna. Wani ya ce kakansa ya faɗa masa tun asali mutanen can haka suke. Na san kakan nan. A ƙetare ya yi aurensa na biyu, a can aka binne shi.

Na miƙe na ce, jama'a, wake ɗaya ke ɓata gari, mu nemo waken mana. Na ce kafin a gina Taga fata takan lalace, amma lalatacciyar fata tana da uba, ana zuwa a same shi a gida. Yanzu marainiya ce, shi ya sa muke ɗora wa unguwa guda renonta. Ni dai na ji daɗin wannan jimla. Na tsaya kaɗan don a yaba.

Daga baya wani ya ce, "To ai kai surukinsu ne."

Aka yi dariya, ba ta mugunta sosai ba. Baduku bai yi ba. Yana ta kallon bandejinsa.

Surukinsu. Da sun san abin da surukin nasu ya faɗa a kan tabarmar cin abinci makon jiya, da sun ba ni kujerar mataimakin shugaba.

Asabar, da rana

Na share gida. Na wanke labule. Ban san me ya sa na wanke labule ba.

Litinin, da hantsi

An sake buɗe Taga, an toshe inda ya fashe da kwali. Na je wurin akawun, mutum mai sanyin hali da ke zaune tsakanin tagogin biyu kamar tsoka tsakanin haƙora. Na nuna masa ragowar wata fata da ta ba ni kunya a gaban mai littafi, na ce ya taimake ni da sunan mai ita.

Ya juya ta ya nuna mini gefe. A da kowane majemi yana da 'yar alamarsa da yake yankawa a wuyan fata. Yanzu da an karɓa sai a datse wuyan, a buga hatimi, a jibga kan 'yan'uwanta.

"Dokar ke nan, Malam. Don kada a nuna son kai."

Na ce lallai an yi nasara, yanzu ba wanda ke son kowa.

Ya yi murmushin gajiya. Ya ce, "Da safe su zo ta nan su ce kun haɗa baki an rage musu daraja, fatar da ta isa lamba ɗaya ana buga mata biyu. Da rana ku zo ta can ku ce sun haɗa baki suna kawo ruɓaɓɓiya. Ni kaɗai nake ganin fuskokinku duka, kuma wallahi kama kuke yi."

Na tambaye shi mai amalanke. Ya ce ya fara cin abinci.

Talata, da yamma

Na gwada robar a kan littafin wani tsohon alƙali. Gam ya ƙi kama ta. Da na matsa mata ta kama, sai littafin ya fito kamar kujerar motar haya. Na ɓare.

Auta ta kira daga gidan mijinta. Ba ko sallamar kirki.

"Baba, me ka ce wa Mama?"

Na ce gada ce a rufe.

"Baba."

Ta gaji wannan daga uwarta, kiran suna ɗaya da ke tsaye a matsayin shari'a guda.

To, bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki. Ran Juma'ar can mai littafi ya zo karɓa, ya buɗe bangon a gabana, fatar ta tsage. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai dube ni, abin da ya fi faɗa ciwo. Na dawo gida da abin a wuya. Muna cin abinci na ce, "Mutanenku ba su da amana."

Ta ajiye cokali. Ta ce, "Su wa?"

Na ce, "Kin sani."

Ta kwashe kwanuka, har da nawa da ban gama ba.

Matar da ta haifa mini 'ya'ya a ɗakin nan, ta yi jinyar mahaifiyata har ta rufe mata ido. A dare ɗaya na haye da ita gada na ajiye ta can, tun kafin ta ɗauki mayafi. Magana zarar bunu ce, in ji masu iya magana, waɗanda na lura ba sa zuwa sai bayan an zare.

Auta ta ce, "Ka je mana."

Na ce ina nazarin lamarin. Ta ce in gama nazarin kafin Mama ta saba da can.

Laraba, da safe

Ina nazari.

Alhamis, da yamma

Na faɗa wa Baduku gobe zan haye. Ya ce kaina ɗaya kuwa? Na ce ai shi ya sa zan je, a gida ake ajiye na biyun.

Ya fita, ya dawo da takalmin nan da ya tsage, ya cusa mini a jaka.

"Ka nuna musu. Ka ce in ji ni, Allah ya isa."

Ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"In ka ji labarin mai amalanken nan, ka zo mini da shi. Ba don komai ba."

Na ce na sani, ba don komai ba.

Juma'a, bayan magariba

Na je na dawo. Ni kaɗai na dawo, amma bari in bi abin daki-daki.

Ɗan sandan bakin gada ya leƙa jakata, ya ga takalmi ɗaya da guntuwar fata, ya dube ni da tausayi ya ce in wuce. A ƙetare ba wanda ya jefe ni. Abin da suka yi ya fi jifa. Mutanen da suka sha ruwa a shagona suka riƙa shiga gida in na doso. Wata tsohuwa ce kawai ta ce, "A'a, mijin 'yarmu ne," ta faɗe shi da ƙarfi don layin ya ji.

Na sami Ɗan Wari a bakin ramin jima, hannu baƙi har gwiwa. Ya rame. Ya ce, "Yaya." Sai na zaro fatar na jefa masa a ƙafa na ce, "Wane mara kunya ne ya jeme wannan?"

Na yi haka ne don ya zage ni mu sami hanyar gaisawa. Ya ɗauka, ya murza, ya kai hanci. Ya ɗauki takalmin ma ya duba cikinsa. Ya daɗe.

"Tawa ce, Yaya. Duka biyun."

Na ce kada ya yi mini wasa.

"Na tsame su kafin su jimu. Ba ni kaɗai ke yi ba, amma waɗannan hannuna ne." Ya zauna a bakin ramin. "Da in ina jima, fuskarka nake gani. In ce wannan mutumin zai ɗaga ta a haske ya ci mutuncin akuyar, bari in ƙara mata kwana. Yanzu wa zan gani? Taga? In na ƙara mata kwana lamba biyu, in na rage lamba biyu. Sai na ce to, masu kuɗin can ƙetare su ji da ita."

Na ce, "Ni ne masu kuɗin can ƙetare?"

Ya ce, "Ai ban san kai za ta faɗa wa ba."

Na buɗe baki in yi masa wa'azi, sai na tuna ni ma na zo ne da kayana a ka. Laifi tudu ne. Muka zauna mu biyu a bakin rami mai wari, kowa yana kallon tudun ɗan'uwansa.

Hukuma tana tsakar gida tana tsefe wa Inna kai. Na durƙusa na gaida Inna, ta amsa da fara'a, ta ce na rame, ko ba a ba ni abinci a gidan nawa? Tsohuwar nan ta san komai.

Na shirya jawabi tun daga gada, mai gabatarwa da misalai. Da Hukuma ta ɗago ido sai ya bi ruwa. Na ce, "Na yi kuskure. Ki dawo."

Ta ci gaba da tsifa. Ta ce, "Na ji abin da wancan sakaran ya faɗa maka. Ashe ka yi gaskiya, mutanenmu ba su da amana."

Na ce ba mutanenku ba ne, ƙaninki ne, shi kuma nawa ne tun yana yawo ba wando.

Bakinta ya ɗan motsa, ta danne.

"To ga hukunci. Gobe zai ɗauki fatar kirki ya kai layinku da kansa, ya tsaya gaban mai takalmin nan ya ce shi ne. Kai za ka tsaya kusa da shi. In ya dawo da ƙafafunsa, sai in duba maganarka."

Ɗan Wari daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, kashe ni za su yi."

Ta ce, "In sun kashe ka na huta da wari."

Amma na ga hannunta ya tsaya a kan Inna. Ni ma na san layinmu a 'yan kwanakin nan.

Asabar, da yamma

Na tare shi a bakin gada da safe. Ya ɗauko fatu a ka, sababbi, masu alamarsa a wuya. Muka bi ta gefen Taga, akawu ya ga abin da muke ɗauke da shi, ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur har muka wuce. Allah ya yi masa albarka.

Da muka shiga layi guduma ta daina ƙara shago bayan shago. Mutane suka fito. Shugaba ya fara gyaran murya. Na riƙe hannun rigar Ɗan Wari, ban sani ba ko don kada ya gudu ne ko don kada in faɗi.

Ya sauke kaya a ƙofar Baduku. Ya ce, "Takalmin nan fatata ce. Ni na tsame ta ba ta jimu ba. Ba unguwarmu ba, ni."

Na ji wani a baya yana cewa a kama shi. Baduku ya fito a hankali, ya tsaya gabansa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Kai, ɗan gidan mai kaji? Wanda na ɗinka wa takalmin angonci kyauta?"

Daga nan ya buɗe masa wuta. Ya kira shi azzalumi, maci amana, mai hannun ɓarawo da hancin kura. Ya zagi raminsa, ya zagi wuƙarsa, ya ce ubansa da ya ga wannan aikin da ya jefa shi cikin ramin ya rufe. Ɗan Wari yana ta cewa haka ne. Ban taɓa jin zagi mai sanyaya rai irin wannan ba, don kowace kalma da adireshinta. Masu jiran a kama wani suka ga abin ya zama rigimar mutum biyu a kan takalmi, irin wadda suka saba gani tun suna yara. Wasu suka koma bakin aiki. Shugaba ya yi ta gyaran murya ba wanda ya ba shi fili.

Da numfashin Baduku ya ƙare, sai ya tsuguna ya ja fata ɗaya da hannunsa mai lafiya, ya shinshina. Ƙasa-ƙasa ya tambayi mai amalanke. Ɗan Wari ya ce an sallamo shi, yana ɗingishi. Baduku ya gyaɗa kai, ya daɗe yana shafa fatar, sannan ya ce wannan ma ba wata ta kirki ba ce, nawa?

Ba a gyara duniya ba. Taga na nan, ganguna na nan, masu jaka sun ce su roba za su ci gaba da saye, wani kuma ya tofa yawu da muka wuce. Amma na ja Ɗan Wari shagona da sauran fatun, na shimfiɗa ɗaya a tebur, na taya.

"Albarka," in ji wata murya daga bakin ƙofa.

Tana tsaye da mayafinta, ko haki ba ta yi. Ashe tana bayanmu tun daga gada.

Ta ce, "Wannan tayin naka ko na rainin hankali? Yaron nan ya kwana yana zaɓo maka. Kai ka san wahalar jima kuwa, kana zaune a inuwa kana karanta littafin mutane?"

Na ce, ranki ya daɗe, jiya kika ce sakarai ne.

"Sakaran nawa ne. Ƙara masa."

Na ƙara. Ta ce in sake ƙarawa. Ɗan Wari yana ta washe baki kamar ba shi aka gama wankewa a titi ba. Ban taɓa sayen fata da tsada haka ba, ban kuma taɓa sallamawa da sauri haka ba.

Ta miƙo hannu. Na zaci gaisawa za mu yi a gaban jama'a, har na ji kunya.

Ta ce, "Makulli. Na san ka mai da mini gida juji."

Lahadi, da safe

Ana ta faɗa a kicin. Da ni ake. Alhamdu lillahi.